Jel ɗin da eksire ke gani, kuma yake narkewa da kansa a cikin jiki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku duba hoton da ke kan allo yanzu, hoton CT ne, wato eksiren da kwamfuta ke haɗawa ya nuna cikin jiki yanki-yanki, na ƙugun namiji, kuma kwana kaɗan kafin a ɗauke shi likita ya tsira masa allura ya ɗura masa wani jel mililita 10, wajen cokalin shayi biyu kenan. To ku nemo min shi. Ga ƙashin ƙugu nan fari tas, ga iskar cikin hanji baƙa ƙirin, amma jel ɗin fa? Yana nan bai je ko'ina ba, sajewa ya yi da naman da ke kewaye da shi, har likitan da ya daɗe yana karanta irin hotunan nan sai ya yi ta zuƙowa yana kintacen inda gefensa ya tsaya. Wannan matsalar ce za mu tattauna yau, yadda masana ke haɗa jel ɗin da za a gan shi a hoto tsawon lokacin da yake aiki, kuma in ya gama ya narke ya fita gaba ɗaya har da abin da ya sa ake ganin nasa.

Sunansa haidurojel, kuma kun san shi ko da ba ku san sunan ba. Duk wanda ya taɓa ganin famfas ɗin yaro ya yage bayan ya jiƙe, waɗannan 'yan ƙwayoyin masu santsi da suka kumbura, to shi ne. Tabarau mai laushi da ake mannawa kan ƙwayar ido shi ma haka, daga nan ma labarin ya faro a fannin lafiya, a 1960 wasu masanan sinadarai biyu a birnin Firag, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, suka wallafa aikinsu kan jel ɗin da zai iya zama da jikin mutum ba tare da ya cutar ba. Abin da ke cikinsa dogayen zaruruwa ne na sinadari da ake kira folima, da aka ƙuƙƙulla da juna suka zama raga, ragar ta sha ruwa ta riƙe amma ita ba ta narke ba. Irin wanda muke magana a kai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne zalla, shi ya sa yake da laushi irin na nama, jiki kuma ba ya yi masa bore sosai.

Sai dai ruwan nan da ya sa jiki ya karɓe shi, shi ne dai ya ɓoye shi daga eksire. Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken nan a Jamus a 1895 ƙa'idar ba ta canza ba, haske ne ke ratsa jiki, abin da ya tare shi ya fito fari, abin da ya bar shi ya wuce ya fito baƙi. Kuma ƙarfin tarewar ya dogara sosai da nauyin ƙwayar zarra. Kowane sinadari yana da lambarsa, mai babbar lamba ya fi nauyi. Haidurojin lambarsa 1, kabon 6, naitirojin 7, oksijin 8, da su aka gina namanmu kuma da su aka gina jel ɗin, to ta ina injin zai bambance? Kalsiyam na ƙashi lambarsa 20, kun ga ya fita daban. Aidin 53, bariyam 56, tantalam 73, zinare 79. Tazarar ma ta fi yadda lambobin suka nuna, dan tsotse hasken yana ƙaruwa ne kusan kamar ka ninka lambar da kanta sau uku. A injin CT akwai ma'aunin da aka sa wa sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Ingila da ya ƙera injin, ruwa 0 ne, iska -1000, nama mai laushi yana yawo tsakanin 30 da 60, ƙashi kuma ɗaruruwa har ya haura 1000. Jel ɗinmu yana can maƙale tsakanin ruwa da nama.

Wani zai ce to sai me, in yana aikinsa meye na sai an gan shi? Bari mu ɗauki misali na gaske, kansar furostet. Furostet wani ɗan ƙullutu ne da maza kawai ke da shi, yana ƙarƙashin mafitsara, kuma bayansa ya jingina da ƙarshen hanji wato dubura, tsakaninsu bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. In za a yi wa mutum gashi, wato a haska wajen da haske mai ƙarfi a kashe kansar, hasken gashin ba ya tsayawa cak a gefen furostet, yana taɓa bangon hanjin, kuma a nan ne ake samun mutum ya warke daga kansa amma yana fama da zubar jini ta bayan gida ko zawo ko raɗaɗi na tsawon lokaci. Wani kamfani a jihar Masacusets ta Amurka mai suna Augmenix ya zo da dabara, me zai hana a tura hanjin baya na ɗan lokaci? Sai suka yi jel mai suna SpaceOAR. Likita zai shigar da allura ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura yana kallo a sikanin, ya fara tura ruwan gishiri ya buɗe wajen, sannan ya tura ruwa kala biyu daga sirinji biyu, suna haɗuwa a hanya, cikin 'yan daƙiƙu sun daskare sun zama jel a inda ake so. A gwajin da aka yi da maza 222 a Amurka tazarar ta tashi daga kamar milimita 1.6 zuwa 12.6, kuma ɓangaren hanjin da gashi mai ƙarfi ke samu ya sauko daga kashi 12.4 zuwa 3.3 cikin 100. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba shi izini a 2015, a 2018 kuma Boston Scientific ya sayi kamfanin. Jel ɗin yana riƙe wajen kamar wata 3, a wajen wata 6 jiki ya gama shanye shi, babu wata tiyatar ciro shi.

Abu ya yi kyau ko? Amma da CT ake tsara gashi, a kan hotonsa ake zana ga kansa ga hanji ga mafitsara, kwamfuta ta lissafa inda hasken zai bi. Tunda jel ɗin ba ya fitowa sosai a CT sai an ƙara tura mara lafiya MRI, injin hoton da ke aiki da maganaɗisu, can ne yake haskawa fes saboda ruwan da ke cikinsa, sannan a zo a ɗora hoton nan kan wancan, kuma ɗorawar ba kullum take daidai ba dan mafitsara da hanji ba sa zama yadda suke jiya. Ga masu na'urar bugun zuciya da wasu ƙarafa a jiki waɗanda shiga MRI ke musu wahala ko ma ba zai yiwu ba. Sannan kullum kafin a kunna gashi ana ɗaukar ɗan hoton CT a kan gadon injin dan a tabbatar komai na inda aka bar shi, wannan hoton ya ma fi dusu-dusu. Abin da ya fi damuna a ciki shi ne, wani lokaci allurar tana kaucewa jel ya shiga cikin bangon hanjin maimakon gabansa, ko ya taru a gefe guda, in ba a gani ba za a ci gaba da gasa mutum ne bisa zaton yana da kariyar da ba shi da ita.

To dabara ta farko da kowa zai kawo, ai akwai ruwan hoto, wanda ake ɗura wa mutum a jijiya kafin CT, a zuba shi cikin jel ɗin mana. An gwada, kuma ana ganinsa raɗau a ranar farko. Matsalar ita ce ƙwayoyin ruwan hoto irin su ayoheksol, masu ɗauke da aidin ɗin da ke tare hasken, ƙanana ne ƙwarai kuma suna son ruwa, ramukan ragar sun fi su girma nesa, sai su sulale su shiga jini, ƙoda kuma ta san aikinta, mafi yawan ruwan hoton da ya shiga jini yana fita ta fitsari cikin awa 24. Kun san atamfa mai zuba, ranar da aka saya tana ɗaukar ido, wanki biyu kala ta tafi cikin ruwa zanen yana nan. Haka abin yake, kalar ta tafi jel yana nan, likita ya duba bayan sati ya ga wayam ya ɗauka ya narke alhali ko motsi bai yi ba. Hoton da ya yi maka ƙarya ya fi rashin hoto haɗari. Abin da ake nema rini ne wanda ya kama zaren, ba zai fita ba sai in zaren ne da kansa ya mutu.

Dabara ta biyu, a zuba garin abu mai nauyi wanda ba ya narkewa. Bariyam salfet misali, farin ruwan nan mai kauri da ake ba mutum ya sha in za a ɗau hoton maƙogwaro da ciki, ko garin tantalam, ko ƙananan ƙwayoyin zinare. Wannan ba ya sulalewa, amma sai matsalar ta juye. Jel ya narke ya tafi, garin yana nan. Bariyam a hanji ba damuwa tunda yana da ƙofar fita, amma a cikin nama ina zai bi? Zinare kuma sai ƙwayar ta yi ƙanƙanta ƙasa da nanomita 6 ko kusa da haka kafin ƙoda ta iya tace ta, waɗanda suka fi haka hanta da saifa ne ke kwashe su su ajiye. Kuma likitoci suna da dalilin tsoron duk abin da ke zama a hanta ba ya fita. Daga wajen 1930 zuwa shekarun 1950 an yi amfani da wani ruwan hoto mai suna Thorotrast, hotonsa ba a magana wajen kyau, amma toriyam ne a ciki, yana fitar da tururin nukiliya kuma ba ya barin jiki, bayan shekara 20, 30 mutanen da aka yi wa suka riƙa zuwa da kansar hanta da ta jini. Zinare da tantalam ba su da wannan tururin, kar a fahimce ni ba daidai ba, amma tun daga lokacin tambayar farko da ake wa duk wani sabon abin hoto ita ce, ta ina zai fita kuma yaushe?

Shi ya sa aka koma dabara ta uku, wadda ni a ganina ita ce mai ma'ana, a ɗaure aidin ɗin a jikin zaren da ƙulli irin na sinadari. Ana amfani da wani zobe na kabon 6 da aka maƙala wa ƙwayar aidin guda 3, irin zoben da ke cikin ruwan hoto na asibiti, an daɗe da sanin halinsa. Folimar SpaceOAR sunanta PEG, kuma ba miƙaƙƙen zare ɗaya ba ce, tana da hannuwa da yawa da suka fito daga tsakiya, kowane hannu yana kama wani ƙaramin sinadari mai suna tirailaisin, da haka ragar ke ƙulluwa. Sai aka ɗauki wani ɓangare na hannuwan aka ba su zoben aidin su riƙe. Wannan ne SpaceOAR Vue da ya samu izini a 2019, aidin ɗin cikinsa kusan kashi 1 cikin 100 ne. Kafin shi ma kamfanin yana da TraceIT, 'yan ƙwayoyin jel masu aidin da ake tsirawa a yi alama a wajen da aka cire ƙari, dan masu gashi su san inda za su nufa.

Kashi 1 ɗin nan ba da ka aka zaɓe shi ba, lissafi ne. A injin CT na yau da kullum kowane miligiram 1 na aidin a cikin mililita yana ƙara kusan maki 25 a ma'aunin Hounsfield, kashi 1 kuma kamar miligiram 10 ne a mililita, kun ga ya ɗaga jel ɗin sama da nama sosai amma bai kai shi can inda ƙarfe yake ba. Dan shi ma hasken in ya yi yawa ɓarna ne. Akwai wani ruwa mai suna Onyx da ake toshe jijiyoyin jini marasa kyau na ƙwaƙwalwa da shi, garin tantalam ne a ciki, a CT sai ka ga tartsatsin fari ya fantsama ko'ina ya rufe naman da ke kusa. A gashi kuma abin ya fi haka, kwamfutar da ke lissafin haske tana karanta farin ne a matsayin abu mai tauri, in jel mai taushi ya fito kamar ƙashi lissafin zai iya karkacewa sai an gyara mata da hannu. A ɗaya gefen, in eksire na gama-gari ake so ya gan shi ko wanda likita ke kallo kai tsaye lokacin aiki, kashi 1 ya yi kaɗan, waɗannan ba su kai CT ido ba, sai an ninka aidin ɗin sau da yawa.

Kuma nan ne aikin ke yin tsami, dan aidin ba ya shiga kyauta. Duk hannun da ka ba zobe ka cire shi daga aikin ƙulli, ragar ta ƙara sakwarkwacewa, ta fi shan ruwa, ta fi saurin mutuwa. Zoben kansa ba ya son ruwa, in ya yi yawa zoben suna taruwa waje guda su dunƙule, jel ya ƙi kumbura yadda aka tsara, ko ruwan ya yi kaurin da ba zai bi siririyar allura ba, ko lokacin daskarewar ya canza, kuma daƙiƙu kaɗan a nan ba wasa ba ne, in ya yi sauri ya toshe allura a hannun likita, in ya yi jinkiri ya malale inda ba a aike shi ba. Ka gyara haske ka ɓata ƙarfi, ka gyara ƙarfi lokacin narkewa ya gudu. Shi ya sa ba a gama jel sannan a ce bari a ƙara masa aidin, tare ake tsara su tun daga takarda.

Yanzu narkewar. Ba wai jel ɗin yana jiƙewa ba ne, ai a jiƙe yake tun farko. A kowane hannu an saka wani ƙulli mai rauni da gangan, ana ce masa esta, wanda ruwa ke tsinkawa a hankali. Kullum wasu na tsinkewa, ragar tana nan tsaye har sai waɗanda suka tsinke sun yi yawan da ba za ta iya riƙe kanta ba, sannan ta wargaje. Mai tsarawa yana iya ja ko rage lokacin, ya canza sinadarin da ke maƙwabtaka da estar ruwa ya fi saurin kai mata ko ya fi wahala, ko ya ƙara yawan ƙulli. Ɗan'uwan wannan jel ɗin da ake kira DuraSeal, wanda ake liƙe rigar ƙwaƙwalwa da shi bayan tiyata, sati 4 zuwa 8 yake yi, na furostet kuma dole ya kai wata 3 dan gashin da aka saba yi a asibiti kaɗai yana cin kusan sati 8, ban da jiran tsari. Akwai kuma masu dogara da enzayim, wato sinadaran jiki masu tsinka abubuwa, kamar jelatin da hayaluronik asid, su matsalarsu enzayim ɗin ba daidai yake a kowa ba, inda akwai kumburi ya fi yawa sai jel ya tafi da wuri. Amma suna da nasu amfanin, na hayaluronik in an saka shi ba daidai ba akwai allurar da ke narkar da shi.

Gutsattsarin da suka rage dole su yi ƙanƙantar da ƙoda za ta tace, shi ya sa tun farko ake zaɓar PEG mara tsawo sosai. Kuma aidin ɗin ya fita yana riƙe da zobensa, kar ya kuɓuce ya zama sakakke, saboda tayirod, ƙullutun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, yana kwasar aidin sakakke da ke yawo a jini. Babban mutum maikurogiram 150 yake buƙata a rana. Jel mililita 10 mai kashi 1 yana ɗauke da wajen miligiram 100, sama da abincin kwana 600 kenan. Kar wannan ya tsorata ku, CT ɗaya da ruwan hoto yana iya kai giram 30 na aidin a jijiya, bambancin kawai shi wancan gobe ya fita, wannan kuma wata da watanni zai zauna, har ana haska shi da gashi, dan haka dole a gwada a tabbatar ƙullin aidin da kabon ɗin bai saki ba.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗa masu bincike. In ƙulli ya fara tsinkewa jel ɗin kumbura yake ƙarawa kafin ya wargaje, ya ƙara shan ruwa, aidin ɗin ya bazu cikin ruwa mai yawa, hoton ya dusashe alhali ko kaɗan bai bar wajen ba. Dan haka a ɗakin gwaji ba haske kaɗai ake aunawa ba, ana jiƙa samfura a ruwa mai gishiri irin na jiki a zafin digiri 37, duk bayan 'yan kwanaki a ciro wasu a ɗau hotonsu, a auna girmansu, a busar a auna nauyin folimar da ta rage, a kuma auna aidin ɗin da ya fita cikin ruwan. Layin aidin da layin nauyi dole su sauko tare. In sun rabu to hoton ba zai gaya wa likita gaskiyar abin da ya rage ba, sai a koma a sake tsari. Bayan nan ne ake zuwa kan dabbobi da gwaje-gwajen lafiya na ƙa'idar ISO 10993, wadda ake gwada kayan da ake saka wa jikin mutum da ita.

Inda har yanzu ake da babban giɓi shi ne toshe jijiyar jini. In mace tana zubar da jini bayan haihuwa ya ƙi tsayawa, a asibitin da ke da kayan aiki ana iya zura siririn bututu ta jijiyar cinya a toshe jijiyar mahaifa da soson jelatin, jinin ya tsaya, bayan 'yan makonni soson ya narke jijiya ta buɗe, an ceci mahaifar. Amma soson ba ya fitowa a hoto, ruwan hoton da aka kwaɓa shi da shi ake gani, shi kuma ba ya daɗewa. A ɗaya hannun akwai 'yan duwatsun jel masu suna LC Bead LUMI da ake toshe jijiyar ƙarin hanta da su, aidin a ɗaure yake a jikinsu, ana ganin inda suka tsaya, amma su ba sa narkewa, sun zauna kenan. Mai narkewa ba a ganinsa, wanda ake gani ba ya narkewa, kuma yawan aidin da ake buƙata dan a ga ɗan ƙaramin dutse a cikin jijiya shi ne dai ke hana ruwa shiga ya tsinka shi. Ɗakunan bincike da yawa a kan wannan suke aiki yanzu.

Mu a nan abin ya shafe mu kai tsaye, dan kansar furostet ita ce kan gaba a kansar maza a Najeriya, kuma duk wanda ya taɓa raka mara lafiya neman MRI ya san tafiyar da kuɗin da ke ciki, alhali duk cibiyar da ke gashi na zamani dole tana da hanyar yin CT tunda da shi ake tsarawa. Jel ɗin da CT kaɗai ya isa a gan shi ya rage wa iyali zirga-zirga guda babba, duk da shi kansa jel ɗin yana da tsada kuma ba kowane mara lafiya ne ya dace da shi ba, misali in kansar ta riga ta ratsa ta bayan furostet ɗin ba a sakawa. In an ce za a saka wa wani naku irin wannan, ya gaya wa likita tun kafin ranar in ya taɓa samun matsala da ruwan hoto, ko yana da ciwon tayirod ko na ƙoda, sannan ya tambaya wanne za a saka masa, mai aidin ko mara aidin, dan amsar ce za ta nuna ko sai ya yi MRI kafin a fara gashin.